Na je Kusiri duba Goggo, na tarar an hana ta ruwa

Shekaranjiya na dawo Garwa daga Kusiri, garin da ke arewacin Kamaru a kan iyakar Cadi, har yanzu ƙurar hanyar Dabanga ba ta gama fita daga maƙogwarona ba. Dubiya ce ta kai ni. Goggo, ƙanwar mahaifina, ta fi shekara talatin tana bandar kifi a bakin kogin Lagon, kullum fuskarta cikin hayaƙin itace, tari kuwa tun ina yaro na san ta da shi. Watan jiya aka bugo waya aka ce ƙafafunta sun kumbura, ko banɗaki sai an riƙe ta.

Daga Garwa zuwa Marwa babu wani labari. A Marwa ne aka ce motar Kusiri sai da asuba. Wani dattijo mai sayar da takalman fata, wanda muka zauna kujera ɗaya tun daga Figil, ya ce wallahi ba zan kwana a tasha ba yana da gida a garin. Ya shimfiɗa mini tabarma ƙarƙashin darbejiya, aka kawo tuwon masakwa da miyar yakuwa mai zafi. Da asuba na zaro kuɗi zan ba yaran gidan, ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, kada ka ɓata mini ladana." A Garwa tsoro ya sa mun rage irin wannan, har na yi zaton ya ƙare a ko'ina. Allah ya saka masa da alheri.

Daga Mora zuwa Waza zuwa Dabanga kuwa, hanya ce da ke cin mota da mutum. Tafiyar kilomita 260 da 'yan kai daga Marwa zuwa Kusiri ta cinye mana yini guda. A wani shinge aka sauke mu duka cikin rana. Jami'in ya duba katina ya jefar a ƙasa, ya ce in ɗauka. Wata mai goyo ta roƙa a bar ta ta koma inuwa, ya daka mata tsawa kamar ba 'yar mutane ba. Ya buɗe jakata, ya shinshina kilishin da na sayo wa Goggo tsaraba, ya mayar. Kowa ya san yankin na fama da rashin tsaro, bincike dole ne. Amma wulaƙanci ba ya cikin aikin. A Dabanga gorar ruwan da nake saya a unguwarmu sai da na biya ninkinta, ruwan ma ɗumi.

Bayan la'asar na shiga gidan. Goggo na zaune an tokare ta da matashi uku, don in ta kwanta a miƙe numfashi ɗaukewa yake. Ƙafafun sun yi suntum, fatar na sheƙi. Na danna ƙwaurinta da babban yatsa, wurin ya lotsa, har na gama gaisawa da mutanen gida ramin bai cike ba. Leɓɓanta sun tsattsage. Ta jawo hannuna ta ce a hankali, "Ɗana, ka ce su ba ni ruwa."

Surukarta ta ja ni gefe ta yi mini bayani. Wani mai magani ya ce ruwan da take sha ne ke gangarawa ƙafa, don haka rabin moɗa da safe, rabi da dare. Kwana biyar ke nan. A watan Afrilu, a Kusiri, inda zafi ke haura digiri 40! Majinar ƙirjinta ta zama kamar ƙaro, ta yi ta tari ba ta fita, fitsari kaɗan kuma ja kamar shayi. Kumburin kuwa ko gezau. Ban ga laifinsu ba, ƙauna ce ta sa, kuma wanda ya ga ruwa a ƙafa dole ya zargi randa. Amma daren nan ban runtsa ba saboda tarinta.

Da safe muka ɗauki shatar mota muka haye gadar Ngeli zuwa asibiti a Injamena, babban birnin Cadi. Likitan da Larabcin Cadi da Faransanci yake magana, wata ma'aikaciyar jinya Bahaushiya ta yi mana tafinta. Ya maƙala wa Goggo wata 'yar na'urar auna iskar oksijin ta jini a yatsa ta nuna 86, ya ce mai lafiya daga 95 yake zuwa sama. Nan take aka sa mata oksijin. Da ya ji labarin rabin moɗa sai ya ajiye biro, ya zana mana huhu da zuciya a bayan takarda.

Ga abin da na fahimta. Hayaƙin shekara da shekaru ya lalata huhun, iskar da ke shiga jini ta ragu. Idan haka ta faru hanyoyin jinin da ke cikin huhu sai su tsuke, ɓangaren dama na zuciya, wanda shi ke tura jini zuwa huhu, ya yi ta fama har ya gaji. Jini ya taru a baya, ruwa ya riƙa tsattsafowa a ƙafa, wani lokaci har ciki da hanta. Ƙoda kuma ta shiga riƙe gishiri, gishiri ya riƙe ruwa. Ya ce hana mai ciwo ruwa irin haka ba ya sauke kumburi, sai dai ya daskarar da majina ya jigata ƙoda.

Sai ya tambayi abin da take ci. A nan ne muka yi shiru. Kunun kanwa kowace safiya don "wanke ciki". Romon kifi da dunƙule uku don ta ji ɗanɗano. Ƙwayar diclofenac ta ciwon gwiwa daga mai tebur, da farasitamol ɗin nan mai tafasa a cikin kofi. Ya ce kanwa 'yar uwar gishiri ce, maganin mai tafasa cike yake da sinadarin gishiri, diclofenac da ibuprofen kuma suna sa jiki riƙe ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ko ga mai lafiya ƙasa da giram 5 na gishiri ta ce a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Na tuna kilishin da ke jakata na tambaya, ya girgiza kai.

Ya rubuta mata furosemide, maganin sa fitsari, a sha da safe. Ruwa kuma ya yanka mata ma'auni: gorar ruwan Tangui ɗaya mai lita ɗaya da rabi a yini, har da kunu da shayi da romo a cikin lissafin, a kurɓa kaɗan-kaɗan. Ya nanata cewa wannan ma'aunin nata ne ita kaɗai, zai iya canza shi bayan gwajin jini na ƙoda ko in zafi ya tsananta. Mai ciwon huhun da zuciyarsa lafiya lau, babu kumburi, shi wadataccen ruwa yake bukata don majina ta saki. A auna nauyinta kowace safiya. In ta ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3 a dawo da ita. In ƙafa ɗaya ce kawai ta kumbura tana ciwo, kada a jira gari ya waye, yana iya zama gudan jini. Murhun banda kuma ta yi sallama da shi.

Da aka miƙa mata kofin farko ta riƙe da hannu biyu, ta sha a hankali, ta ce alhamdulillahi sau uku. Surukar ta juya baya tana share hawaye.

Kwana biyu aka riƙe ta. Na shiga babbar kasuwa neman sikeli. 'Yan Cadi da riyal suke ciniki, riyal ɗaya sefa biyar, daidai da abin da mu muke kira dala, sai ka yi ta ninkawa a ka. Mai shagon ya ji Hausata ya ce kakansa daga Kano ya zo a hanyar hajji ya zauna, ya rage mini kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma aika a sayo mini karkanji mai sanyi, wato zoɓonmu. Kaya a Injamena da tsada, komai ya fi na Garwa, shi ya sa mutanensu ke tsallakowa cefane Kusiri. Amma wajen amsa sallama da ba baƙo wurin zama ban ga kasawarsu ba.

Ranar da zan taho idon sawunta ya fara bayyana. Na manna takarda a bango don rubuta nauyi, na zana layi a jikin gorar. Kilishin na bar wa jikoki. Dawowa ta fi sauƙi, taya ɗaya kawai ta fashe kusa da Waza. A Marwa na biya ta rumfar dattijon na sayi takalmi biyu. Jiya da dare surukar ta bugo, ta ce Goggo ta sauke kilo uku, ta yi sallar isha'i a zaune ba wanda ya riƙe ta.