Kwana huɗu a mako: abin da haɗa jadawalin darussa ya koya mini

Duk wanda za a miƙa wa jadawalin darussa a makarantar da ta koma kwana huɗu, ya fara lissafa mintoci kafin ya ɗauki biro da rula. Wannan ne darasin da ya fi tsada a shekarun da na yi ina haɗa jadawali, kuma a kansa zan fi daɗewa.

A Jihar Kaduna, gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta soma tsarin aikin kwana huɗu a Disamba 2021, makarantun gwamnati suka bi sahu a Janairu 2022, aka ajiye Juma'a. An ce don ma'aikaci ya samu hutu da lokacin iyali da na gona. Sai dai manhaja tana nan yadda take, kuma WAEC da NECO ba su rage ko tambaya ɗaya ba saboda an cire wa yaro rana.

A ce ƙaramar sakandare tana yin darasi takwas na minti 40 daga Litinin zuwa Alhamis, Juma'a kuma shida saboda masallaci. Darasi 38 ke nan a mako. Idan aka cire Juma'a ba a taɓa komai ba, saura 32. A zangon da ke da makon koyarwa goma, in an ware na jarrabawa, an yi asarar darasi 60, kusan mako biyu cur na sabon tsarin. In kuwa ana so a maido da su ba tare da an taɓa tsawon darasi ba, sai an yi goma a rana: awa shida da minti 40, ga hutun kalaci da sallar Azahar, wanda ya shiga ƙarfe takwas ba zai fita ba sai wajen uku da rabi.

To a nan ake tafka kuskuren. Tsoron tashin yamma sai ya sa a gutsure darasin ya koma minti 30, a jera goma a rana, a tashi da wuri. A takarda adadi ya cika har da ƙari, jami'in da ya zo duba makaranta ya ƙirga gidajen da ke jikin jadawalin da aka manna a bango, ya sa hannu, ya shiga motarsa. A aji kuwa wani labarin ne. Ajin da ke da yara 80, kafin wani malami ya fita wani ya shigo, a goge allo, a kwantar da hayaniya, minti biyar sun wuce. Littafin karatu bai wadata ba, dole malami ya rubuta a allo yara su kwafa, nan ma minti goma. Saura sha biyar na bayani, ba misali na biyu, ba tambaya, ba zagawa a leƙa littafin na bayan aji. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. In sakamako ya fito da muni, wanda ya sa hannun nan shi ne zai fara rubuta cewa malamai sun yi sakaci.

Gara darasi ya tsaya a minti 40, a yarda cewa wasu sun ragu, a zaɓi waɗanda za su ragu da ido buɗe. Lissafi da Turanci da kimiyya a sa su kafin sha ɗaya, musamman a zafin Maris da Afrilu, lokacin da ajin kwano maras silin ba ya zaunuwa bayan Azahar. Kowannensu ya samu darasi biyu a haɗe sau ɗaya a mako, don a nan ne kaɗai ake iya yin aikin aji a gyara shi nan take. Kada a jibge darasi ɗaya a Laraba da Alhamis kawai, domin daga Alhamis zuwa Larabar gaba yaro ya manta inda aka tsaya.

Ƙarancin malamai kuma ba a gane shi da ƙirga kawuna. Makaranta tana iya samun malami 30 a rajista, amma biyu ne kacal ke koyar da lissafi. In ajujuwa 12 ne, kowane yana buƙatar lissafi sau biyar a mako, darasi 60 ke nan, kowane malami 30. A kwana biyar shida yake yi a rana. A kwana huɗu sai ya yi bakwai ko takwas, yana tsaye tun safe har murya ta dushe. Ajujuwansa shida, littafin aiki 480, ko minti ɗaya ya ba kowane littafi awa takwas ne. Shi ya sa aikin gida ke fara mutuwa, ba don lalaci ba. Ranar da ɗayansu ya kwanta rashin lafiya, rubu'in makon ya tafi, in kuma hutun gwamnati ya faɗo Litinin, makon ya zama kwana uku.

Cike giɓi da masu bautar ƙasa da malaman da ƙungiyar iyaye ke biya yana taimakawa, amma kada a ba su ajin da zai rubuta jarrabawar fita. Mai bautar ƙasa shekara ɗaya ce, sau da yawa a tsakiyar zango yake tafiya. Jihar Kaduna da ta sallami malaman firamare 21,780 bayan jarrabawar gwaji ta 2017 ta ga irin wuyar da maye gurbi ke da ita, musamman a ƙauyukan da sabon ɗauka ba ya son zama.

Batun albashi fa, kada a yaudari kowa. Cire rana ɗaya yana rage kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin mota, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayu 2023 wannan ba abin rainawa ba ne. Amma wanda ke kashe Naira 1,000 a rana zuwa da dawowa, abin da ya tsira da shi a wata bai wuce 4,000 ba. A gefe guda tsawaita yini yana cinye yammacin da malami ke yin lesin ko kasuwa ko gona, wato abin da ke riƙe gidansa daga tsakiyar wata. A Amurka ma gundumomin karkara na jihohi irin su Mizuri da Kolorado sun rungumi kwana huɗu ne musamman don jawo malamai inda ƙarin albashi ya gagara. A nan gida, albashi na musamman da Shugaba Buhari ya yi wa malamai alkawari a Oktoba 2020 bai kai aljihun yawancinsu ba. Dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 ta riƙe tsofaffin hannu ne kawai, ba ta ƙaro ko mutum ɗaya ba.

Sauran a gurguje. A zauna da malaman Islamiyya kafin a tsayar da lokacin tashi, don yawancinsu ƙarfe huɗu suke farawa, kuma iyaye can za su zaɓa. Makarantar da ke da zangon safe da na rana a gini ɗaya ba ta da inda za ta tsawaita. Taron malamai kada ya ci lokacin darasi. Kowane zango kuma a rubuta sunan kowane malami da yawan darasinsa da yawan yaransa a takarda ɗaya, a kai ofishi, a tabbata an buga hatimin karɓa a kwafi na biyu, a ajiye shi a gida, ba a durowar makaranta ba.