Tankin kifin teku a ɗakina na Nima

Da na ce zan kafa tankin kifin ado na ruwan gishiri, abin da abokaina na unguwar Nima a Accra suka fara tambaya shi ne me zai hana in je Jamestown in ɗebo jarka biyu, tunda ga teku nan kyauta. Ban ɗebo ba. Duk wanda ya san inda ruwan tafkin Korle, mai kwashe ƙazantar gari, ke zuba a teku ya san abin da ruwan bakin gaɓar ke ɗauke da shi. Gishirin girki ma ba ya yi, ko da na garin Ada ne mai kyau, domin ruwan teku yana da kalsiyam da magnesiyam da wasu sinadarai da babu isassunsu a gishirin miya. Na sayi gishirin da ake haɗawa musamman don wannan kiwo, na dama shi da tataccen ruwa marar kulorin, na yi ta aunawa har ma'aunin gishiri ya tsaya a 1.025.

Tankin lita 80 ne. Na shimfiɗa yashi, na jera duwatsu masu ramuka, na kunna famfo, na bar shi babu kifi ko ɗaya. Wannan jiran shi ne mafi wuya, kuma shi ne tushen aikin. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Akwai bakteriya da ke mayar da ita naitarait, ita ma guba, sannan wasu su mayar da wannan naitaret, wadda kifi ke iya jurewa idan ba ta taru ba. Bakteriyan suna zama a ramukan dutse da cikin yashi, kuma yawanci sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Nakan jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe don su samu na ci, in riƙa gwada ruwan. Mahaifiyata kan leƙo ta ce, "Wai yaushe kifin zai zo ne?" In ce, "Inna, sai ruwan ya nuna." Sai da amoniya da naitarait suka sauka zuwa sifili na tafi sayen kifi.

Na fara da kilonfish guda biyu, masu launin lemo da fararen ɗamaru, waɗanda aka ƙyanƙyashe a wurin kiwo ba a teku aka kamo su ba. Irin waɗannan sun saba da abincin gwangwani, kuma sun fi juriya. Na zaɓi babba da ƙarami da gangan: kilonfish a matsayin namiji yake fara balaga, wanda ya fi ƙarfi shi ke rikiɗa ya zama mace, don haka idan girmansu ya bambanta faɗan shugabanci ba ya tsawo. Ikon Allah ke nan, har yau abin yana ba ni mamaki. Da gansakuka ta fara fitowa a gilashi na kawo katantanwar teku don ta cinye ta, can daga baya na ƙara gobi guda ɗaya, ɗan kifin da ke zama kusa da yashi. Iyakar jama'ar tankin ke nan.

Abin da na ƙi saya ya fi abin da na saya yawa. Kifin damsel shuɗi yana da araha da kyau, amma a ƙaramin wuri yakan mamaye dutse ya hana kowa sakat. Shuɗin tang da ake sayarwa ɗan mitsitsi yana kai kusan santimita 30, tanki irin nawa zalunci ne gare shi. Animoni kuwa, wata dabbar teku mai kama da fure, wanda mutane ke zaton kilonfish ba ya rayuwa sai da shi, yana son haske mai ƙarfi da tankin da ya daɗe da zama, kuma kifina suna nan lafiya ba shi.

Zafin Accra da dumso, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki, su suka sa na tsaya a kifi uku. Kifayen nan suna son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, alhali daga Fabrairu zuwa Afrilu ɗaki mai rufin kwano yakan wuce haka nesa. Ruwa mai ɗumi iskar shaƙa kaɗan yake riƙewa, to idan wuta ta ɗauke famfo ya tsaya, tankin da ya cika da kifi shi ke fara shiga matsala. Na ɗaura ƙaramar fanka tana hura saman ruwa, na kuma ajiye famfon iska mai batir kusa da hannu. Wanda zai fara a garin nan, ina roƙonsa ya sayi waɗannan biyun kafin kifi.

Fanka tana sa ruwa ya riƙa ƙafewa da sauri, balle da hunturu. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan, don haka tataccen ruwa zalla ake ƙarawa, ba na gishiri ba. Na yi alama a jikin gilashin, kullum da safe in cika zuwa wurin. Duk mako kuma nakan kwashe kashi ɗaya cikin goma in mayar da sabon haɗi wanda ya kwana yana gaurayuwa, zafinsa da gishirinsa daidai da na tankin. Murjani mai laushi, wata halittar teku mai rai da ke manne wa dutse, nake so in ƙara nan gaba, amma sai na ga yadda tankin ya ƙetare zafin Maris mai zuwa.