Aikin Gayya a Houston Bayan Guguwar Harvey

Wata tara ke nan da saukata a birnin Houston na jihar Teksas lokacin da mahaukaciyar guguwar Harvey ta afka mana, kuma har zuwa ranar ban san sunan maƙwabci ko ɗaya ba. Ina zaune ne a gidan Baffana, ƙanin mahaifina, wanda ya haura shekara ashirin yana tuƙin tasi a birnin, a wata unguwa da ke kusa da rafin Brays. Rayuwata ba ta wuce wurin aiki da gida da masallacin Juma'a ba. Abin da ya fi damuna a watannin nan shi ne shirun unguwar, domin mutum zai dawo a motarsa, ƙofar gareji ta buɗe da kanta ta haɗiye shi, ba sallama ba gaisuwa, alhali ni na taso ne a Kano, inda ba ka isa ka wuce ƙofar gida uku ba tare da an tambayi lafiyar mutanen gidanku ba.

Guguwar ta sauka ne a daren Juma'a, 25 ga Agusta 2017, kusa da garin Rockport, sannan ta tsaya cak a kan yankin tana zubar da ruwa kwana da kwanaki. A wani wuri gabas da Houston an auna sama da inci 60, wato fiye da mita ɗaya da rabi, ruwan da ya zarce abin da Kano ke samu a damina sukutum. Da asubar Lahadi ruwa ya shigo mana ta ƙarƙashin ƙofa, kafin hantsi ya kai gwiwa. Baffa ya ce da ni, "Ɗana, takardunka kafin komai," na ƙulle fasfo da sauran takardu a leda na ɗora a ka. Wasu mutane ne da suka taso daga jihar Louisiana mai maƙwabtaka da Teksas da ƙaramin jirgin kamun kifinsu suka fitar da mu, muka ƙare a ɗaya daga cikin masallatan da Ƙungiyar Musulmi ta Houston ta buɗe wa kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. A can Babbar Sallah ta same mu ranar 1 ga Satumba, da tufafin da aka ba mu.

Sai da muka koma gida na fahimci cewa ainihin ɓarnar tana zuwa ne bayan ruwa ya janye. Gidajen can ba na bulo da siminti ba ne. Katako ne aka lulluɓe da wani farin allo mai kama da alli, aka cusa wata irin auduga a tsakiya, kuma da zarar sun sha ruwa, cikin kwana biyu fumfuna ta fara cin su. Warin da ya tarbe mu a bakin ƙofa ba zan manta da shi ba. Baffa, kamar mafi yawan waɗanda ambaliyar ta shafa, ba shi da inshorar ambaliya, domin inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya. Na ga dattijon da ban taɓa ganin rauninsa ba ya zauna a kan bokiti yana kallon bangon da ya yi shekaru yana biyan bashinsa.

Wata ma'aikaciyar jinya a masallaci ce ta ba mu wata lambar waya, ta ce a kira a ba da adireshi, masu aikin sa kai za su zo, kuma galibinsu 'yan mishan ne. Gabana ya faɗi da jin kalmar. Na san mishan ta fuska biyu: a asibitin ido na ECWA da ke Kano aka cire wa kakata yanar ido, amma kuma na taso ina jin gargaɗin cewa taimakonsu ba ya zuwa shi kaɗai. Na ce, "Baffa, kuna ganin babu wani abu a ƙasa?" Ya ce, "Imaninka a zuciyarka yake, ba a jikin bangon nan ba. Kira su."

Bayan kwana shida suka iso, su goma sha ɗaya, cikin riguna da huluna masu ruwan ɗorawa, 'yan cocin Baptis daga wata jiha mai nisa. Mafi yawansu sun haura sittin. Shugabansu, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin kafinta, ya fara da miƙa wa Baffa takardar da ke nuna ya ba da izinin aikin kuma ba za a karɓi ko sisi ba. Daga nan ya ɗauko awo ya ja layi a bango, ƙafa huɗu daga ƙasa, suka yanke duk abin da ke ƙarƙashin layin, suka zaro audugar da ta jiƙe, suka naɗe kafet ɗin da ya yi nauyi kamar gawar bijimi, suka riƙa kwasa a baro zuwa bakin titi. Tarkacen ma kashi-kashi suka jera shi, na gini daban, na lantarki daban, saboda motocin kwashe shara ba sa ɗaukar gauraye. Wata tsohuwa a cikinsu ta tsinci hotunan auren Baffa sun manne da juna, ta zauna a inuwa tana ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya tana shanyawa a kan tawul, ta kusa awa biyu tana yi. Da suka ga Alƙur'anai a kan kanta, ba su taɓa ba, sai suka kira ni in ɗauke da kaina.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda suka san da mu, sai dattijon ya nuna mini a wayarsa. Kiran da na yi ya shiga wani tsari ne na intanet mai suna Crisis Cleanup, inda kowane gida ke fitowa a kan taswira, kuma idan wata ƙungiya ta ɗauki gida sai alamar ta sauya, don kada ƙungiya biyu su haɗu a ƙofa ɗaya alhali wani layin bai ga kowa ba. Ya ce darasi ne da aka koya da wahala: bayan guguwar Camille ta 1969 an ga yadda ƙungiyoyi suka yi ta maimaita aiki ɗaya, shi ya sa a 1970 suka kafa inuwa guda ta ƙasa baki ɗaya, kowa ya riƙe ɓangaren da ya fi ƙwarewa a kai. 'Yan Baptis suna da manyan motocin girki da ke dafa abincin dubban mutane a rana, Red Cross ta ɗauka ta raba a unguwanni, kuma a Teksas 'yan Baptis ɗin sun fara wannan aiki tun guguwar Beulah ta 1967. Ƙungiyar Kiristoci ta Salvation Army na yawo da nata motocin abincin. 'Yan cocin Adbentis sun shahara da kula da rumbunan ajiyar kayan gudummawa, 'yan Methodist na aiko da bokitai cike da sabulu da buroshi da safar hannu da takunkumi, 'yan ƙungiyar agajin Kirista ta Samaritan's Purse masu riguna ruwan lemo na yashe gidaje kamar yadda ake yi mana, su kuma 'yan cocin Mennonite sukan daɗe a wuri suna sake gini bayan kowa ya watse. Islamic Relief ma tana cikin wannan inuwa. A raina na ce ai wannan gayya ce, sai dai gayyar da aka rubuta a takarda, aka horar da masu yin ta tun kafin hadari ya haɗu. Mu a gida zuciyar taimako ba ta yi mana ƙaranci ba. Abin da na riƙa tunawa shi ne yadda kayan agaji kan taru a hannun waɗanda ke bakin hanya, na lungu su tashi a tutar babu.

Ba zan ɓoye cewa addininsu na gaba a aikin ba. Da suka gama fesa maganin fumfuna a rana ta biyu, shugaban ya tambayi Baffa ko zai yarda su yi wa gidan addu'a. Baffa ya gode musu, ya ce mu Musulmi ne, su yi tasu mu yi tamu, kuma haka aka yi ba tare da fuskar kowa ta sauya ba. Na kuma haɗu da akasin haka a wani wurin rabon kaya, inda wani mutum ya riƙe ni da wa'azi ina tsaye da katan ɗin ruwa a hannu, har sai da na ajiye na tafi. Abin ya yi mini ciwo, domin bai kamata a tsare mai buƙata a lokacin da ba shi da bakin cewa a'a ba. Amma mutum ɗaya ne, kuma ba shi ne ya yashe mana gida ba.

A makon da ya biyo baya matasan masallacinmu suka haɗa nasu rukunin, na shiga, kuma abin da na gani a hannun kafintan nan shi na riƙa nuna wa sauran: inda ake jan layi, yadda ake kashe wutar gida kafin a sa zarto, da dalilin barin katako ya bushe sarai kafin a rufe. A Asabar da Lahadin watanni uku na san titunan Houston fiye da yadda na san su a wata tara, Turancina ma ya saki. Gida na huɗu da muka ɗauka a taswirar yana kan layinmu ne, ƙofa biyar daga ta Baffa, na wata tsohuwa baƙar fata da ke zaune ita kaɗai, wadda na sha wucewa ta gabanta ban ce komai ba. Mun yi kwana biyu a gidanta, wasu 'yan cocinta na kawo mana abinci, bayan ta ja musu kunne cewa kada a sa naman alade. Har yau idan na fito da safe takan ɗaga mini hannu daga barandarta, ta tambayi ƙafar Baffa, sannan ta ce in gaya masa ya rage tuƙin dare.