Mujiyoyin Gotham da yaran da suke aikawa kisa

Tun muna yara in mujiya ta yi kuka da daddare a kan darbejiyar bayan gidanmu, kakarmu sai ta tashi zaune ta hau a'uziyya, mu kuma mu ƙudundune cikin zani kowa ya yi tsit. Da rana kuwa in tsautsayi ya fito da ita tsuntsaye ne za su taru a kanta, yara su bi ta da jifa, shi ya sa ma in mutum ya shiga wuri aka zuba masa ido ake cewa kamar an ga mujiya. To da wannan tsohon tsoron a raina na buɗe littafin zanen Batman da wani abokina ya ara min, wanda ke ɗauke da labarin ƙungiyar asirin nan Court of Owls, ni dai Majalisar Mujiyoyi nake ce musu. Scott Snyder ne ya rubuta, Greg Capullo ya zana, kamfanin DC ya fara fitar da shi a 2011. Na karanta miyagu da yawa a komik, amma wallahi babu waɗanda suka zauna min a rai irin waɗannan, kuma na daɗe ina tambayar kaina dalili.

Abin da na gano shi ne, 'yan majalisar nan ko ɗaya babu mai wani ƙarfi na ban mamaki. Ba sa tashi sama, harsashi na kama su kamar kowa. Masu kuɗin Gotham, garin Batman, ne kawai, tsofaffin gidaje masu hannu da shuni waɗanda suka gaji dukiya kaka da kakanni, da rana su ne masu otal da gidajen haya, su ake gayyata bikin buɗe asibiti, da dare kuma su sa kwat da doguwar rigar biki, su rufe fuska da wani farin marufi mai siffar fuskar mujiya wanda babu komai a jikinsa sai idanu biyu da ɗan baki, su zauna su yanke wanda zai kwana da rai da wanda ba zai kwana ba. Ɗaruruwan shekaru suna haka, har mutanen gari suka mayar da su tatsuniya, waƙar da ake yi wa yara ce kawai ta rage wadda ke cewa kar ka kuskura ka ambace su ko a raɗa.

Shi kansa Bruce Wayne, wato Batman, bai yarda akwai su ba, kuma nan ne labarin ya kama ni. Lokacin da aka kashe iyayensa yana yaro ya ƙi yarda cewa ɗan fashi ne kawai ya harbe su, ya ce dole akwai manya a bayan abin, ya dinga bin diddigi har ya kai wani tsohon gini da ake kira Harbor House, ya shiga wani ɗaki a can sama ƙofa ta rufe da shi, ya yi wajen mako guda a ciki babu ci babu sha kafin a same shi, kuma bai ga komai ba sai ƙura. Daga ranar ya rufe babin, ya girma yana ganin babu wanda ya san Gotham kamarsa. Ashe a ƙarƙashin hancinsa suke. Wani kakansa Alan Wayne, wanda a 1922 aka gan shi yana gudu a titi kamar mahaukaci yana cewa mujiyoyi na bin sa kafin ya faɗa ramin kwata, an ce haɗari ne, sai da Bruce ya tono ƙasusuwansa ya ga shatin wuƙaƙe a jiki. Sannan ga camfin Turawa na tsallake hawa na 13 a dogayen benaye, to a wannan gurbin da ake bari babu kowa suka yi sheƙoƙinsu, a cikin gine-ginen da aka yi da kuɗin gidan Wayne ɗin kansu. Kai, ranar da na zo wannan shafin sai da na ajiye littafin na ɗan yi shiru.

Labarin kashi-kashi aka dinga fitar da shi, fitowa ta 5 kuwa dole in tsaya a kanta. Sun kama Batman sun jefa shi wani gini na farin dutse a ƙarƙashin gari, lungu cikin lungu babu mafita, kwana takwas ana nemansa a waje. Ruwan da ke wurin guda ɗaya ne, yana zubowa daga wani ƙaton gunkin mujiya, ya san an sa masa ƙwaya amma ƙishirwa ta sa dole ya sha. Akwai ɗakin da aka jera hotunan duk waɗanda suka mutu a wurin kafin shi, kowa an ɗauke shi lokacin da hankalinsa ke gushewa. Capullo sai ya yi wata dabara, yadda kan Batman ke juyewa haka shafukan ma ke juyewa, da farko sai ka karkata littafin gefe kafin ka iya karantawa, can kuma sai ka kifa shi ƙasa a sama, ni ina zaune a tabarma an ɗauke wuta ina haska shi da fitilar waya ina juya littafi a hannu, na rasa ma ta ina zan buɗe shafi na gaba, sai na ji nima kamar an kulle ni a wurin. A fitowa ta 6 bayan an soke shi ta baya yana kwance jina-jina, 'yan majalisar suka fito kallo, har da tsohuwa a keken guragu, sai suka ba wata ƙaramar yarinya mai sanye da farin marufin nan damar ta faɗi yadda za a yi da shi, ita kuma ta ce a ƙara azabtar da shi. Wannan yarinyar ta fi ba ni tsoro a kan duk wani dodo da na taɓa gani a komik, don ka san ba da wannan halin aka haife ta ba, a gida aka koya mata kamar yadda ake koya wa yaro gaisuwa.

Amma fa duk cikinsu babu wanda ya taɓa riƙe wuƙa da hannunsa. Karnukan farautarsu su ake kira Talon, wato farcen tsuntsu, kuma nan ne zuciyata ta fi karyewa. Daga ina suke samo su? Daga tawagar wasan Haly, masu yawo gari-gari da tanti suna tafiya a kan igiya da wasa da wuƙaƙe. Duk bayan wasu shekaru sai majalisar ta zo ta zaɓi yaro ɗaya wanda ya fi kowa gwaninta, yawanci marayu ne ko 'ya'yan talakawa da babu mai tambayar inda suka shiga, a horar da shi ya manta sunansa, in ya tsufa ko ya gaza a kwantar da shi cikin akwatin gawa a ajiye. Akwai wani ƙarfe electrum, gaurayen zinare da azurfa, da suke dasa musu a haƙori yana tsiyaya cikin jiki a hankali, da shi ake iya tayar da su bayan sun mutu, sanyi mai tsanani ne kawai ke tsayar da su. Ko mutuwa ba ta 'yanta su daga bautar ba kenan.

William Cobb shi ne Talon ɗin da ya fara farautar Bruce. Ɗan maƙerin gada ne a farkon ƙarni na 20, uban ya mutu a wurin aikin gadar masu kuɗi, yaron ya koma wasa a bakin titi yana neman na abinci har tawagar Haly ta ɗauke shi ya zama gwanin jifa da wuƙa. Ya yi suna, ya so 'yar wani attajiri Amelia Crowne, uban ya nuna masa cewa kome sunansa shi dai ɗan talaka ne, aka aurar da ita ga wani danginsu alhali tana ɗauke da cikinsa. Cobb ya sace jaririn ya miƙa wa tawagar, daga nan zuri'ar Grayson ta samo asali. Eh, Dick Grayson dai, Robin na farko, wato yaron da ke taya Batman yaƙi, Cobb kakan mahaifinsa ne, kuma shi ma an riga an zaɓe shi zai zama Talon na gaba, mutuwar iyayensa da ɗaukar da Bruce ya yi masa ne suka ɓata shirin. Wurin da Batman ya kai wa Dick naushi haƙori ya fita ya nuna masa tambarin mujiya a ciki, har yau ban yafe wa Bruce wannan ba, yana da baki ai, zai iya faɗa masa.

Ba na wanke Cobb, ya kashe mutane da yawa kuma yana alfahari da hakan. Abin da ke ci min rai shi ne mutanen da suka wulaƙanta shi su ne dai ya ƙare yana yi wa aiki, yana ganin kamar ya shiga cikinsu, alhali a wurinsu shi da wuƙar hannunsa duk ɗaya ne. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake ɗaukar yaran unguwa bangar siyasa, a ba su ƙwaya da 'yan canji, in an gama zaɓe ko lambarsu ba a ɗagawa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Zancen shugabanni kuma, nan ne nake da ƙorafi. A labarin farko ba ka san waye shugaba ba, kuma hakan ya fi, don duk wanda ka gani a gari zai iya zama shi ne. An dai nuna Joseph Powers da matarsa Maria, masu wani babban otal, a matsayin 'yan ciki. Daga baya a jerin Talon da James Tynion IV ya rubuta daga 2012 aka fara fito da masu muƙamin Grandmaster, wato babban shugaba, irin su John Wycliffe da Sebastian Clark. Clark ɗin nan tsoho ne da ya zo wa Calvin Rose a matsayin mai taimako, shi Calvin Talon ne da ya gudu bayan an aike shi ya kashe wata mata Casey Washington da ƙaramar 'yarta ya kasa, yaron da tun yana shekara takwas ubansa ya kulle shi a kejin kare ya tafi. Clark ya ce masa zo mu rusa majalisar tare, ashe shi tsohon shugabanta ne da ke neman komawa kujerarsa, har ya haɗa kai da Bane, wani babban abokin gabar Batman. Labarin ya yi daɗi ban musa ba, amma da zarar an ba mujiya suna da fuska da adireshi sai ta koma mugu kamar sauran, wanda za a iya naushi a wuce wurin. Da aka zo 2015 aka faɗaɗa su suka zama na duniya gaba ɗaya sai na ji abin ya ƙara salancewa, ni a wurina ƙarfinsu yana cikin cewa na gari ɗaya ne, sun san kowane lungu sun san kakan kowa.

Sai Lincoln March, ɗan takarar magajin gari wanda ya zo wa Bruce da fara'a kamar aminin arziki. Bayan daren da majalisar ta saki Talon ɗinta gaba ɗaya a kan manyan gari kusan arba'in, Batman ya bi sawu har Harbor House ɗin nan dai da ya shiga yana yaro, ya tarar da su zazzaune a teburin cin abinci duk sun mutu, an sa musu guba. Lincoln ne ya yi. Ya ce shi ƙanin Bruce ne, Thomas Wayne ƙarami, wanda aka haifa bakwaini bayan haɗarin motar da Martha, mahaifiyar Bruce, ta yi a mahaɗar titin Lincoln da titin March, aka ajiye shi a gidan yara marasa lafiya na Willowwood, iyayen suka mutu aka manta da shi har mujiyoyi suka ɗauke shi suka raine shi. Bruce ya ce takardu sun nuna jaririn bai wuce awa 12 a duniya ba, marubucin kuma ya bar abin a buɗe. Ni dai na fi karkata ga cewa majalisar ce ta ɗauki wani maraya ta cusa masa wannan labarin tun yana ƙarami don ta samu makamin da za ta soki gidan Wayne da shi, irin aikinsu ne sak. Ya ɗauka ya fi su wayo tunda ya kashe na teburin, amma sauran suna nan, kuma a ƙarshen wani jerin komik mai suna Batman Eternal a 2015 suka kama shi, suka kwantar da shi cikin akwati suka rufe, suka ce in buƙatarsa ta taso za su tashe shi.