Kafin ka ce a yi fomatin, ka fara duba ram da bod

Matsalar da aka fi kawo mana shago ita ce kwamfuta tana daskarewa, ko kamar yadda kastomomi ke faɗa tana hangin. Kana cikin aiki kawai komai ya tsaya cak, maus ba ya motsi, kibod ba ya amsawa, sai dai ka danne maɓallin fawa har ta mutu. Kuma kusan kowa da maganinsa yake zuwa a baki, "Malam a yi mata fomatin kawai, bairos ne." Tun ina yaron shago ogana ya cusa min a kai cewa in ciwon a ƙarfe yake to fomatin, wato goge komai a sake ɗora Windows, ba ya yin komai, kamar ka sake wa mota fenti ne alhali inji ne ke ƙwanƙwasa. Wasu masu gyaran suna son fomatin saboda kuɗinsa a hannu yake kuma ba ya cin lokaci, amma jibi mai ita zai dawo yana huci a gaban mutane, ga fayilolinsa sun tafi, ga ciwo na nan daram.

Ni yanzu in ta daskare a gabana ba na gaggawar kashewa, Caps Lock nake dannawa in kalli 'yar fitilar nan. In tana kunnuwa tana mutuwa to injin da ransa, wani abu ne ya riƙe shi, galibi had dis ne ya fara gajiya ko wata manhaja, sai in duba lafiyar dis ɗin da manhajar CrystalDiskInfo. In kuwa fitilar ta ƙi ko gezau, sauti ma ya maƙale a sifika yana drrrr, to hankalina ya koma kan ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, da madabod ko bod, babban allon da komai ke haɗe a jikinsa, sai wuta da zafi. Kada ka wahalar da kanka da saƙon Kernel-Power 41 ɗin da za ka gani a Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, abin da yake gaya maka kawai shi ne an kashe ta ba bisa ƙa'ida ba, wanda kai ne ma ka kashe ta da hannunka. Shuɗin allon da Windows ke nunawa in ta ci karo da matsala kuwa ni gata nake ɗaukarsa, don aƙalla ya ba ka suna. In yau ya rubuta MEMORY_MANAGEMENT, gobe PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA, jibi wani daban, sunan yana ta canzawa ba ya tsayawa wuri ɗaya, to ram nake fara zargi.

Mu nan Kano ƙura ce babbar abokiyar gaba, musamman da hunturu. Ka buɗe sifiyu ɗin wani bizines santa ka ga ƙura ta yi dam a kan fanka har ba ka ganin ƙarfen ƙasa, ta shiga cikin silot, wato ramin da ake cusa ram, ta zauna. Ga kuma injinan Beljiyam da suka daɗe a kwantena kafin su iso, bakin ram ɗin nan mai ruwan zinari sai ka ga ya dushe. Sai in cire shi, in ɗauki kilina irin ta 'yan makaranta, fara mai laushi, in goge bakin a hankali gaba da baya har ya dawo yana sheƙi, in kaɗe ɓurɓushin, in hura silot da bulowa, in mayar in danna har maƙallan gefe biyu su ce ƙas. Injina da yawa a nan ciwonsu ke ƙarewa wallahi. Amma fa da hunturu ka taɓa ƙarfen kes kafin ka taɓa ram, iskar ta bushe, wannan ɗan shokin da kake ji in ka taɓa ƙofar mota ya isa ya lalata shi, kuma ba lallai ya mutu nan take ba, sai ya riƙa ba ka wahala a hankali.

In an goge bai daina ba sai gwaji. Windows na da nasa, ka rubuta mdsched ka sake kunnawa, amma ni ban cika yarda da shi ba in ya ce lafiya lau, na fi son manhajar Memtest86+ a kan filasha, a bar shi ya yi ta zagaye awanni, in da hali ya kwana a kan inbata saboda wani kuskuren ba ya fitowa sai ram ya ɗau zafi. Jan layi, wato alamar kuskure da yake nunawa a allo, ɗaya tak ya isa, babu wani wai ɗaya ne kawai ba komai.

To ga inda na fi ƙaruwa a aikin nan gaba ɗaya: jan layi ba ya nufin ram ɗin ne ya lalace. Yana nufin dai wani abu a hanyar ya lalace, kuma hanyar doguwa ce. An taɓa kawo mana wata destof mai ram biyu 4GB 4GB, wani ya riga ya sayar wa mai ita sabon ram amma tana nan tana daskarewa, ya zo ransa a ɓace yana cewa an cuce shi an ba shi jabu. Na ce Alhaji ka yi haƙuri ka bar min ita zuwa gobe. Na sa ram na farko shi kaɗai a silot na farko, tsaf. Na sa na biyu a wannan silot ɗin dai, shi ma tsaf. Na mayar da na farkon ɗaya silot ɗin, kafin minti biyar allo ya yi jajir, na biyun ma haka. Ka ga ai ram ya fita daga zargi. Na cire fanka na ɗaga furosesa, soket ɗin, wato mazaunin furosesa a kan bod, LGA 1155 ne, na haska tocilan waya ta gefe, sai ga ƙafa ɗaya a cikin ƙafafun nan sirara tana ƙyalli daban da 'yan uwanta, ta kwanta. Wanda ya canza man da ake shafa wa furosesa don rage zafi a baya ne ya goge ta da tsumma ko yatsa. Dalilin da ƙafar soket ke jawo kuskuren ram shi ne, abin da ke sarrafa ram yanzu a cikin furosesa yake ba a kan bod ba, AMD sun mayar da shi ciki tun 2003 da Athlon 64, Intel kuma a 2008 da Core i7 na farko, don haka saƙo daga ram sai ya bi ta silot, ya bi layukan bod, ya ratsa ƙafafun soket kafin ya isa. Da allura da gilashin ƙara girma na tayar da ita, numfashi ma a hankali nake yi don in ta karye shi kenan bod ya tafi. Har ɗaure fanka da ƙarfi fiye da kima yana iya lanƙwasa bod ya kawo irin wannan.

Shi ya sa ba na canza abu biyu lokaci guda. Yara masu koyo sai su goge ram, su canza fawa fak mai ba injin wuta, su yi riset ɗin BIOS, wato saitin bod, duk a tashi ɗaya, in ta gyaru ka tambaye su me ya gyara ta sai su yi ta kallonka.

Sai maganar haɗa ram, a kasuwa za ka ji ana cewa ai duk ram ram ne in dai ya shiga. Ba haka ba ne. DDR3 na yau da kullum 1.5V yake sha, DDR3L kuma 1.35V, a jikin sitika za ka ga PC3 ko PC3L, kuma tsagarsu wuri ɗaya take don haka duka suna shiga. Laftof da yawa masu furosesan Intel zubi na huɗu PC3L suke so, ka sa musu PC3 wata ta ƙi tashi sam, wata ta tashi tana daskarewa. DDR4 dai da sauƙi, 1.2V ne kuma tsagarsa daban, ba zai ma shiga ba. Masu injin gem kuma in sun zo, XMP, saitin da ke ƙara wa ram gudu, nake fara kashewa a BIOS in gani.

Tsofaffin bod kuwa ido ne ke aiki kafin mita. Ka kalli kafasitoci, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye kewaye da furosesa, samansu ya kamata ya zama a shafe, in ka ga ya kumbura ko wani abu ruwan ƙasa ya tsattsafo ya bushe to ka samo ɓarawon. Injinan zamanin Pentium 4 sun yi ƙaurin suna a kan wannan saboda ruɓaɓɓun kafasitoci da suka cika kasuwar duniya a farkon shekarun 2000, kuma har yau akwai irinsu a makarantu da shagunan taifin. Alamarsu sai an kunna sau da yawa da safe kafin ta tashi, ko ta daskare da zarar an ɗora mata aiki. Ana canzawa, a sa mai lamba ɗaya, mai jure zafin digiri 105, a kula da ƙafar fulos da mainos. Fawa fak ma haka yake yaudara, layin 12V bai kamata ya sauka ƙasa da 11.4 ba, na 5V kuma ƙasa da 4.75, kuma ka auna lokacin da injin ke aiki ba yana zaune ba. Wanda ke kan ƙaramin janareta ba sitabileza ba UPS, in ka gyara masa bai canza wannan ba to ku yi sallama ta ɗan lokaci ce.

Wanda har yanzu yake ba ni ciwon kai shi ne sababbin laftof sirara da ram ɗinsu a like yake a jikin bod, babu abin cirewa balle kilina, in Memtest ya nuna ja sai dai mai injin iska mai zafi da ya ƙware ya ɗaga cif ɗin ya sa wani, ko a nemi bod gaba ɗaya. Wasu sukan gasa wurin kawai su miƙa maka tana aiki, bayan ɗan lokaci ta koma gidan jiya. Irin wannan in ta zo, abin da nake fara yi shi ne in kwashe wa mai ita fayilolinsa tun tana iya tashi, sannan in kira shi in gaya masa kuɗin bod da kuɗin wata Beljiyam ɗin ya zaɓa da kansa.