Tantance inshorar cinikin kamfanoni: yadda aikin yake da yadda ake biya

Mutanen Sakkwato sun ga haɗewar kamfanoni a ƙofar gida. Kamfanin siminti na CCNN ya haɗe da Kalambaina Cement a 2018, daga baya aka haɗa shi da Obu Cement aka samu BUA Cement, wanda ya shiga kasuwar hannun jari a Janairun 2020. Idan kamfanin da ake cinikinsa ba na kasuwar hannun jari ba ne, mai sayarwa yakan sa hannu a kan jerin tabbaci: littattafan kuɗi daidai suke, an biya haraji, babu shari'a a ɓoye, filin masana'anta mallakar kamfani ne. In daga baya ɗaya ya zama ba haka ba, mai saye ya yi asara. Inshorar W&I (Warranty and Indemnity, wato inshorar wannan tabbaci na mai sayarwa) ita ke biyan wannan asara, ni kuma aikina shi ne in duba cinikin in ce za mu ɗauka ko a'a, kuma a kan nawa.

Dillalin inshora, irin su Marsh, Aon ko Howden, shi ke turo daftarin yarjejeniyar sayarwa da bayanan kuɗin kamfanin. Cikin kwana biyu ko uku ake mayar masa da tayin farko wanda bai ɗaure kowa ba. In mai saye ya zaɓe mu, sai a buɗe mana rahotannin binciken lauyoyinsa da akantocinsa da masu duba haraji. Daga nan a yi zaman tambayoyi ta waya na awa ɗaya zuwa biyu, sannan a bi tabbacin ɗaya bayan ɗaya: wannan mun ɗauka, wannan sai an gyara lafazinsa, wannan mun cire.

Ga misalin lissafi. Kamfani na dala miliyan 100, mai saye ya nemi kariyar miliyan 10. In an yi farashi a kan kashi 1.5 cikin ɗari na kariyar, zai biya dala 150,000 sau ɗaya tak. Akwai kuma kason farko na asara da shi zai ɗauka da kansa, a ce rabin kashi ɗaya na darajar kamfanin, dala 500,000. Kariyar tabbacin yau da kullum takan kai shekara biyu zuwa uku, ta haraji da mallaka shida zuwa bakwai.

Babban abin da na koya shi ne, haɗarin ba a cikin abin da rahoto ya faɗa yake ba, yana inda masu bincike ba su leƙa ba. Shi ya sa nake fara karanta shafin da ke bayyana iyakar aikinsu kafin in karanta sakamakon. Akanta ya duba harajin shekara biyu alhali hukuma na iya komawa baya shekara shida? To shekara huɗu suna cikin duhu, ko a cire su ko a koma a bincika. A cinikin Najeriya abu biyu suka fi maimaituwa. Na farko fili: an saya, an gina, amma ba a samu amincewar gwamna ba kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada, sai ka tarar takardar shaidar mallaka tana ɗauke da sunan mai filin na da. Na biyu kuɗin fansho da harajin albashi da aka cire wa ma'aikata amma ba a kai inda ya dace ba. Duk abin da mai saye ya riga ya sani kuwa ba ya shiga kariya, haka hasashen riba da tarar da doka ta hana a yi mata inshora.

Mafi yawan masu wannan aiki lauyoyi ne da suka yi shekaru suna rubuta yarjejeniyar sayar da kamfanoni, sai akantoci da ƙwararrun haraji. Ba kasafai ake ɗaukar sabon digiri kai tsaye ba. Ɗalibin lauya ko akanta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke son wannan layi ya nemi ofishin da ke yin irin cinikin nan a Legas ko Abuja, ya ga yadda ake neman amincewar FCCPC, hukumar da ke amincewa da haɗewar kamfanoni, ya ƙara da jarrabawar CIIN, cibiyar ƙwararrun inshora ta Najeriya. Kujerun kansu sun fi yawa a Landan da Amurka, a nahiyarmu kuma Afirka ta Kudu ce kan gaba. Haɗarin da ke Najeriya yakan bi ta kamfanin inshora na gida da izinin NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, kafin a kai shi waje, nan ma akwai gurbi. Wanda ke da damuwar addini game da inshora, damuwa ce ta gaske, ya tambayi malamai tun kafin ya sa ƙafa. Wannan reshe mafi yawansa na inshorar gama-gari ne, ba na takaful, inshorar da ta bi tsarin Musulunci, ba.

Albashi kashi biyu ne, na wata da alawus ɗin ƙarshen shekara. Lauyan da ya baro babban ofishi sau da yawa na watansa yakan ragu, ya samu sauƙin kwanan ofis, ko da yake makon rufe ciniki babu barci. Alawus kuwa yana bin kasuwa. A 2021 ciniki ya yi yawa har ana rububin ma'aikata, da kuɗin ruwa ya hau a 2022 da 2023 ciniki ya ja baya, farashin kariya ya faɗi, alawus ya bi shi. A ƙananan kamfanonin da ke tantancewa a madadin manyan masu inshora ana ba da kaso daga riba, amma sai an jira shekaru a ga ko da'awar biya za ta taso.

Kafin ka karɓi tayin aiki ka tambaya: da me ake auna alawus, yawan kuɗin da ka shigo da su ko ƙarancin asarar da aka biya a kan abin da ka sa wa hannu? Inda ake auna yawa kaɗai, za a matsa maka ka ɗauki cinikin da ya kamata ka ƙi. Ka tambayi kuma iyakar kuɗin da za ka iya amincewa da shi kai kaɗai, da makomar kasonka na riba in ka bar aikin kafin wa'adin biyansa ya cika.