Wasiƙa daga Liyon ta ƙasar Faransa zuwa ga mutanen Tawa

Assalamu alaikum mutanen Tawa, na Bilbis da na Sabon Gari da duk inda kuke. Ina gida, ina iyali, na gaishe ku gaba ɗaya. Kullum a WhatsApp tambayoyin guda ne, yaya sanyi, yaya takardu, nawa ne kuɗin haya, ana samun aiki kuwa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Takardu dai har yanzu ina kai. Katin zama na ya ƙare tun watan Nuwamba, kuma a nan ba a zuwa ofis haka kawai sai da randebu, wato ranar da aka ba ka ka zo, randebun kuma ta intanet ake ɗauka, sai ka yi sati biyu kana buɗe shafin da tsakar dare yana ce maka babu wuri. Ranar da na samu, cikin Janairu ne, na fita tun duhu don a wannan lokaci rana ba ta fitowa sai ƙarfe 8 ta wuce kuma kafin 5 da rabi ta faɗi, na tsaya layi a waje yatsuna har ba na jin su, ga jakar takardu a ƙirji, fasfo, hoto, takardar albashi, shaidar inda nake kwana, kowace da kwafinta. Na isa gaban matar da ke aiki a ofis ɗin ta duba ta ce shaidar gidan ta tsufa, in koma in kawo sabuwa. Daga baya aka ba ni resepise, wato takardar wucin gadi, ta wata 3, da ita nake yawo yanzu.

Amma abin da ya tsaya mini a rai ba layin ba ne. Da na zauna matar ta ce mini "sa ba?", wato lahiya, idonta na kan kwamfuta, kafin in buɗe baki ta miƙo hannu karɓar takardu. Haka ake yi a nan, maƙwabcinka zai tambaye ka yana sauka matakala, amsarka ta same shi a bakin ƙofa. In kuma ka ga an tsaya hira to ƙorafi ne ya haɗa mutane, metiro, jirgin ƙasan cikin gari, ya yi lattin minti 5, ruwan sama ya yi yawa, rana ta yi yawa. Ba na zaginsu, akwai mutanen kirki sosai, kuma ƙorafin nan wani lokaci shi ke sa a gyara musu abubuwa. Sai dai yana kama mutum kamar mura, ni ma ya kama ni ban sani ba.

A daren ranar na kira Inna, da yake lokacin sanyi agogonmu ɗaya da ku. Na ce ina gajiya ta ce ba gajiya, ina sanyi ta ce lokacinsa ne, ni kuma ban jira komai ba na shiga zuba mata labarin layi da sanyi da takarda, kusan minti 20, tana ta ce mini yi haƙuri, Allah ya sawwaƙe. Bayan kwana biyu ƙanwata ke gaya mini ai Inna kwananta shida a kwance da zazzaɓi, har an yi mata ƙarin ruwa, a kwance ta amsa wayata. Wallahi daren nan ban yi barci ba. Na tambayi mahaifiyata lahiyarta daidai yadda matar ofis ta tambaye ni. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to a waya babu fuska, murya ce kawai, kuma muryar ma ban saurara ba.

Da ta samu sauƙi na ce Inna don me kika ce mini lahiya lau. Ta ce ta wayi gari da ranta, ta yi sallarta ko da a zaune, an dama mata hura ta sha, to me za ta ce in ba lahiya ba? Da gaske take. Sai na riƙa juya amsoshin gaisuwarmu a kaina, ina aiki, da godiya, ina ruwa, ya yi gyara, ina labari, sai alheri. Tun muna yara aka sa mana godiya a baki, a garin da zahin Afrilu ke wuce digiri 40, mu ne muka riƙa faɗi muna kallon waya har ta zama ba komai.

Yanzu bayan sallar asuba kafin in taɓa waya ina lissafa abin da na samu jiya da sunansa, ɗaki mai ɗumi, ruwa a famfo, direban bas da ya hango ni ina gudu ya jira. Aya ta 7 a Suratu Ibrahim na riƙe, in kun gode zan ƙara muku. Ƙorafin bai tafi duka ba amma ya ragu. Kuma in na ce wa mutum ina gajiya nakan yi shiru in jira, in sake tambaya, to da gaske fa?

Ku ma ina roƙonku don Allah, kawu, yaya, ku ƙannena, ku ce alhamdulillahi sannan ku gaya mana wanda ke kwance. Mu da ke nesa ba mu da wata hanyar sani sai ta bakinku, kada mu ji bayan an sallamo mutum daga likita ko abin da ya fi haka.

Haya kuwa yuro 450 nake biya a wata, ɗaki ɗaya, yuro ɗaya kusan sefa 656 ne sai ku lissafa. Batun aiki sai wata wasiƙar. Duk mai zuwa ya riƙo mini kilishi da yaji, kuma wani ya leƙa Inna yau da marece ya gaya mini yadda ya ga fuskarta.